Turaku a Tsohon Kududdufi: Kundin Aikin Harsashi a Birnin Kano

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau aka damƙa mana filin. Tsohon kududdufi ne a cikin birnin Kano, irin ramukan da magabata suka haƙa suna ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa. Ruwan damina ya yi shekaru yana kwana a cikinsa, unguwa kuma tana zuba shara, har ya cike ya zama fili. Mai wurin yana son bene mai hawa huɗu, shaguna a ƙasa, ɗakunan ajiyar kaya a sama. Izinin hukumar tsara birane, KNUPDA, ya fito, zane ma ya kammala.

Masu gwajin ƙasa sun huda wuri uku. Daga sama zuwa mita 6 shara ce zalla, leda da toka da tsumma da ɓaraguzan gini. Ƙarƙashinta baƙar laka ce mai taushi har mita 8 da rabi, sai ruɓaɓɓen dutse, sannan fa mai ƙarfi a wajen mita 13. Ruwa yana mita 2.8, alhali rani muke ciki. Ba a ɗora bene a kan juji, don haka turaku za mu kafa: ginshiƙan kankare da rodi masu faɗin santimita 60, guda 46, waɗanda za su ratsa sharar da lakar su sauke nauyin ginin a kan dutse.

Ginin namu bai dame ni ba. Yana da mai zane, yana da ɗan kwangila, yana da ni injiniya, yana da mai kuɗin da zai bi sawun kowane buhun siminti. Gidajen da ke kewaye da shi ne ba su da mai tsaya musu. Ta arewa gidan ƙasa ne na wani dattijo, mai zaure da rufin azara, tsakanin katangarsa da layin turakunmu na ƙarshe bai kai mita 2 ba, kuma akwai rijiya a tsakar gidan. Ta gabas bene ne na bulo, wanda da ganin sa ka san daga baya aka ɗora masa hawan sama a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa-ƙasa. Ta yamma ƙaramin masallacin unguwa ne da makarantar allo a jikinsa. Kudu kawai muke da sarari, lungu da kwata. Dukkansu a bakin tsohon ramin suke zaune, wani ɓangaren harsashinsu a kan ƙasar asali, wani a kan cike. Abin da ya shafe su zan riƙa rubutawa a nan.

Alhamis, 16 ga Janairu

Bayan la'asar muka zauna a zauren mai unguwa, da liman, da masu gidajen, da wakilin mai gini. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne tun kafin inji ya shigo, don kada jama'a su wayi gari da ƙara sannan su fara neman wanda zai yi musu bayani." Na zana musu turke a takarda, na faɗi zurfinsa da tsawon lokacin da muke tsammani.

Dattijon gidan arewa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ni ƙara ba ta dame ni ba. Katangar nan mahaifina ya gina ta. In ta tsage, wa zan kama?"

Na ce, "Baba, mu za ka kama, kuma a rubuce za mu ba ka."

A Ingila da Wales akwai dokar da aka yi a 1996 kan irin wannan. Duk wanda zai yi haƙa cikin mita 3 daga ginin maƙwabcinsa, haƙar da za ta wuce zurfin harsashin maƙwabcin, dole ya ba shi sanarwa a rubuce wata guda kafin ya fara. Idan haƙar mai zurfi ce ƙwarai, iyakar takan kai mita 6. Tsarin muka aro muka yi yarjejeniya da Hausa, shafi biyu: za a duba kowane gida a ɗauki hotonsa kafin aiki, za a riƙa awo a gaban mai gida, duk ɓarnar da aikinmu ya jawo mai gini ne zai gyara, kuma ina da ikon tsayar da inji ba tare da na jira izinin kowa ba. Wannan ta ƙarshen ce wakilin mai gini ya daɗe yana juyawa kafin ya sa hannu. Liman ne ya taimaka, ya kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Mai unguwa ya riƙe kofi ɗaya, kowane gida ya tafi da nasa.

Laraba, 22 ga Janairu

Mun gama duba gidajen. Wannan aiki ne da 'yan kwangila da yawa suke tsallakewa don ba a ganin sa a jikin gini, amma shi ne ke raba gardama ranar da aka ce "da can babu wannan tsagar". Yana kare maƙwabci, yana kuma kare mai gini daga biyan abin da ya girme shi da shekara ashirin.

Zaure da bayan gida ni na duba. Cikin gida kuwa, inda iyali suke, wata injiniya abokiyar aikina ce ta shiga da kyamara da ma'auni, ɗaki bayan ɗaki, uwargida tana biye da ita. Kowace tsaga an ɗauki hotonta da rula a jikinta, an ba ta lamba, an rubuta faɗinta. Mun bi rabe-raben da cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta fitar a takardarta mai lamba 251: tsagar da ba ta wuce milimita 1 ba ta fenti ce, zuwa milimita 5 cikewa kawai take so, daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an gyara kuma ƙofofi kan fara cijewa, abin da ya haura 25 kuwa maganar rushewa ake yi. A benen gabas mun sami wata mai milimita 4 da ta tashi a karkace daga kusurwar taga zuwa linta, alamar gefen da ke kan cike ya daɗe yana zama a hankali. Na nuna wa mai gidan, ya ce shekara uku ke nan yana sa a shafe ta da filasta tana dawowa.

Gidan dattijon ya ba ni sha'awa. Katangar tubali ce, gindinta ya kusa kai mita ɗaya a kauri, tana sirancewa zuwa sama, yaɓenta na makuba har yanzu da sauransa. Irin wannan gini yana jure zama a hankali fiye da bulon da aka yi wa rowar siminti, don ƙasa tana ɗan bayarwa. Abin da ba ya so shi ne ruwa a gindi, da kuma motsin da zai zare kan azara daga inda ta hau katanga. Tsagar da ta fi damuna tana kusurwar zaure, milimita 2.

A kan manyan tsagogin mun manna ma'aunin roba mai fala-fala biyu da ke zamewa a kan juna, ɗaya da layin giciye, ɗaya da zanen milimita, yadda ko yaro zai iya karantawa. Mun kafa ƙusoshin awo a gindin katangu, tazarar mita 4 tsakaninsu, safiyo ya ɗauki tsayin kowanne daga wata alama da muka kafa nesa, a kan tudun da aikinmu ba zai taɓa ba. Na kuma auna ruwan rijiyar dattijon: mita 2.9 daga baki. Za a riƙa auna ta Litinin da Alhamis.

Talata, 28 ga Janairu

Ɗan kwangila ya zo da shawarar a sauya hanya. Ya ce yana iya samo injin da ke buga turakun da aka riga aka zuba, da guduma mai nauyin tan-tan, aikin wata uku ya koma wata guda, kuɗi ma ya ragu. Lissafinsa daidai ne, kuma a buɗaɗɗen fili da ni ma haka zan zaɓa. A nan na ƙi.

Ana auna jijjigar ƙasa da saurin motsinta, milimita nawa a sakan. Ƙa'idar Birtaniya, BS 7385, ta ce gidan zama na iya fara tsagewar filasta daga wajen 15 in jijjigar mai kaɗawa ce a hankali, kuma a rage adadin har zuwa rabi idan ba ta tsayawa. Ta Jamus, DIN 4150, ta fi tsauri: 5 ga gidajen zama, 3 ga tsofaffin gine-gine masu rauni. Gudumar da ke faɗuwa mita 2 daga katanga za ta haura waɗannan nesa ba kusa ba. Ko da katangar ta jure bugun, ƙasar da take kai ba za ta jure ba. Cike irin namu sako-sako ne, jijjiga kuma zaunar da shi take yi, kamar yadda mai awo ke girgiza mudu hatsi ya koma ƙasa. Gidan da rabinsa ke kan cike, rabi kan ƙasar asali, sai gefe ɗaya ya sauka ya bar ɗaya.

Mun tsaya a kan haƙawa: a sauke bututun ƙarfe ta hanyar murɗawa, a kwashe ƙasar cikinsa, a sa kejin rodi, a zuba kankare daga ƙasa zuwa sama ta dogon mazurari, sannan a zare bututun a hankali. Na ɗauki 3 a matsayin iyakar tsayawa, 2 kuma iyakar gargaɗi. An yi hayar na'urar auna jijjiga, za ta riƙa bin gidan da inji ya fi kusa da shi.

Akwai abin da na gaya wa maƙwabta tun yanzu. Jikin mutum ya fi katanga saurin ji. Wata ƙa'idar Birtaniya, BS 5228, ta nuna mutum kan fara jin jijjiga a cikin gida tun daga 0.3, a wajen 1 kuma yakan fara ƙorafi in ba a sanar da shi ba. Za su ji kwanuka suna kaɗawa a kan kanta alhali gidan lafiyarsa lau. Na ce duk da haka su kira ni, gara a kira ni sau goma a kan kwano.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Turken gwaji ya shiga, a gefen kudu, nesa da kowa. Ya tsaya a mita 13.4. Na'urar tana gindin masallaci, ba ta wuce 0.6 ba. Bututun ya wuce sharar da wahala, tsofaffin tayoyi da leda suna naɗe haƙoran injin, warin da ya taso daga lakar kuma sai da ya kori almajirai daga dakalinsu. Mun sayi farar ƙasa muna barbaɗawa a kan abin da aka fitar. Tsarin da za mu bi shi ne tsallake-tsallake: ba a haƙa turke kusa da wanda aka zuba sai kankarensa ya kwana, ya yi awa 24 aƙalla.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Tifofin da ke kwashe ƙasa sun yi kwana biyu ba su zo ba. Da safe na tarar mai katafila ya tara abin da aka haƙo a gefen gabas, tudu ya kusa tsayin mutum biyu, a jikin katangar benen maƙwabci, don nan ne ba ya tare masa hanya. Na tsayar da komai sai da aka kwashe.

Wasu daga cikin leburori sun ga kamar na cika tsanani, ƙasa ce kawai aka ajiye. Da muka zauna cin abinci na ba su labarin Shanghai. A ranar 27 ga Yuni, 2009, wani bene mai hawa 13 da aka kusa gamawa ya kwanta a gefensa ɗungurungum, ma'aikaci ɗaya ya rasu. A gefe ɗaya an haƙa ramin wurin ajiye motoci mai zurfin mita 4.6, a ɗaya gefen an tara ƙasar da aka fitar har ta kai wajen mita 10. Nauyin tudun ya tura lakar ƙarƙashi zuwa wajen ramin, turakun ginin suka kakkarye. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai tsayin mita 3 tana danna kowace murabba'in mita da nauyin da ya haura tan 5, a kan lakar da harsashin maƙwabcinmu ke dogare da ita. Mun ja layi da farar ƙasa, mita 5 daga kowace katanga: ba a tara ƙasa, ba a sauke rodi, motar kankare ba ta tsayawa a ciki. Awon yamma ya nuna ƙusoshin gabas ba su motsa ba, alhamdu lillahi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Turke na 14, a layin gabas, ya ci kankare fiye da lissafi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai ajiyar kaya ya ɗauke shi a matsayin asarar siminti. Ni abin da na gani daban ne. Kankaren da ya wuce lissafi gurbin wani abu ya cike, wato ƙasar da ta zubo cikin ramin aka kwashe ta ba a sani ba, kuma daga gefe ta zo, gefen da gidan mutane yake. Mai injin yana barin haƙorin ya riga bututun sauka a cikin laka don ya yi sauri, ruwa kuma yana kwararowa da yashi ta ƙasa.

Haƙa ba ta da ƙarar guduma, shi ya sa ake ɗaukar ta marar haɗari, amma tana iya sace ƙasa daga ƙarƙashin gini shiru. A San Francisco ta Amurka, dogon benen nan mai hawa 58, Millennium Tower, ya daɗe yana nitsewa yana karkata. A 2021 aka fara haƙa masa sababbin turaku zuwa dutse don a cece shi, sai ya ƙara sauka da wajen santimita 2 da rabi a lokacin haƙar, aka dakatar da aikin a watan Agusta na shekarar har aka sake tsarin haƙar. In hakan ta faru a wurin da ke cike da na'urori da ƙwararru, to mu da ke kan juji ba mu da dalilin sakaci.

Daga yau bututu ne gaba, haƙori a baya da mita ɗaya aƙalla, har sai an shiga ruɓaɓɓen dutse. Ramin kuma a cike shi da ruwa ya haura na ƙasa, don ruwan waje ya rasa ƙarfin turowa ciki. Kowane turke za a rubuta kankaren da ya ci kusa da abin da ya kamata ya ci. Ƙusa ɗaya a benen gabas ta sauka da milimita 1, ma'aunin tsaga bai motsa ba.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar. Mun koma fara aiki da hantsi, mu tashi kafin la'asar, don masu tafsiri a masallaci su ji juna, mutanenmu ma su huta. Ba a zuba kankare da dare, ko da ɗan kwangila ya so. Turaku 25 sun shiga.

Laraba, 12 ga Maris

Jiya da yamma jikan dattijon ya zo ofishinmu na kwantena ya ce kakarsa ta ce a gaya wa injiniya igiyar guga ta kasa kai ruwa. Na tafi da ma'auni nan take. Ruwan da yake mita 2.9 ranar Alhamis ya koma 3.7. Ma'aunin kusurwar zaure ya tashi daga milimita 2 zuwa 3 da rabi. Da safe safiyo ya tabbatar: ƙusar kusurwar ta sauka da milimita 6, ta kusa da ita da 2.

Injin turaku yana can gefen yamma, na'urar jijjiga ba ta nuna komai ba. Sanadin yana kusurwar arewa maso gabas, inda ake haƙa ramin tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa mai zurfin mita 4. Tsarin da aka bayar shi ne a sauke zoben kankare irin na rijiya a yi haƙar a cikin ruwa. Masu aikin ramin sun ga abin yana cin lokaci, suka yi hayar injin jan ruwa, suna kunna shi da dare bayan mun tashi, su zo da safe su tarar da rami a bushe. Na ɗebi ruwan da suke zubarwa a kwata a bokiti na ajiye, cikin rabin awa laka ta kwanta a gindinsa kaurin yatsa biyu. Ke nan ba ruwa kaɗai suke ja ba, har da ƙasar da ke ƙarƙashin zauren.

Ko da ruwan tsabtatacce ne, ɓarnar tana nan. Ruwan da ke cikin ƙasa yana ɗauke wa ƙwayoyinta wani kaso na nauyi. In aka sauke shi da mita ɗaya, ƙasar da ke ƙarƙashi takan ji ƙarin nauyin da ya kusa tan ɗaya a kowace murabba'in mita, kuma ba a iyakar filinka abin ke tsayawa ba, yana bazuwa ko'ina ruwan ya janye. Bambancin milimita 4 a tazarar mita 4 ɗaya cikin 1,000 ne. Injiniyoyi sukan ɗauki ɗaya cikin 500 a matsayin iyakar lafiya ga ginin zamani, amma ga katangar tubali mai ɗauke da azara ni a ɗaya cikin 1,000 na sa layin tsayawa, kuma mun taka shi.

Na kashe injin ruwan, na sa aka fitar da shi daga filin, aka mayar da ruwa cikin ramin. Sannan na je zaure da takardar awon a hannuna. Na ce, "Baba, aikinmu ne ya jawo wannan. Ga abin da ya faru, ga abin da muka tsayar." Ya karɓi takardar ya ba jikansa ya karanta masa lambobin, ya yi shiru, can ya ce, "To, yanzu ɗakin kwana fa?" Abokiyar aikina ta sake shiga ciki ta duba, tsagogin ciki ba su motsa ba. Duk da haka mun roƙi a daina kwana a zaure, almajiran da ke kwana nan suka koma makaranta.

Abin ya tsaya mini a rai. Mun kashe kuɗi a kan na'urar jijjiga, mun yi gardama a kan guduma, amma abin da ya taɓa gidan ƙaramin injin ruwa ne da ake haya a bakin titi, kuma matar da ke jan guga ce ta fara ganowa. Awon rijiya ya koma kullum, safe da yamma.

Talata, 18 ga Maris

Ruwan rijiya ya dawo mita 3.0. Ƙusar kusurwa ta tsaya a milimita 7, ba ta ƙara ba tun Asabar. Ƙasar da ta zauna ba ta tashi, wannan bakwai ɗin ta tafi ke nan, abin da muke nema shi ne kada ta ƙaru.

An tokare kusurwar zauren da katako daga waje, an sa wasu tokaran a ciki ƙarƙashin azara. Mai zane ya amince a sauya tankin: zurfinsa ya koma mita 2.2, faɗinsa ya ƙaru, yadda ba zai taɓa ruwa ba. An cike tsohon ramin da tsakuwa da yashi. Wakilin mai gini ya so a aika birkila ya cusa siminti a tsagar a wuce wurin. Na hana. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, ya fi ta tauri, damina ɗaya zai ɓalle ya bar ramin da ruwa zai bi. Mai unguwa ya haɗa mu da wani maginin gargajiya, ya zo ya duba ya ce sai motsi ya tsaya cak zai buɗe wurin ya ɗinke shi da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ramno, ya bi da yaɓe. Mun shirya bayan Sallah, kuɗin kuma daga mai gini, kamar yadda takarda ta ce.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. An ɗora wa turken gwaji nauyin da ya ninka wanda zai ɗauka sau ɗaya da rabi, ya riƙe. An bi sauran da gwajin ƙaramar guduma, wanda ke nuna ko akwai gurbi ko tsukewa a jikin turke. Na 14 ya nuna kumburi a wajen mita 7, daidai inda lakar ta zubo. Magini ya gama kusurwar zaure, mun manna sabon ma'auni a kai. Saura turaku 9, duka a layin arewa, waɗanda na bari ƙarshe da gangan don mai injin ya gama sanin halin ƙasar kafin ya matso gidan.

Alhamis, 24 ga Afrilu

A layin arewa dutse ya taso da wuri, mita 10 da ɗoriya, don nan ne gefen tsohon ramin. Haƙori ya kasa ci, mai injin ya ɗaura babban kurfi yana sakewa daga sama. Bugu na uku na'urar da ke gindin zaure ta nuna 2.4. Ba a kai layin tsayawa ba, amma an wuce na gargaɗi, kuma ina tsaye na ga ƙura tana zubowa daga tsakanin azara. Aka ajiye kurfin. Mun jira aka kawo gwangwanin yanka dutse mai haƙora, wanda ke murɗawa ya ciro dutsen a dunƙule. Yana da jinkiri, turke ɗaya a yini maimakon biyu, ɗan kwangila kuma yana lissafin hayar inji. Da shi na'urar ba ta wuce 1.1 ba.

Dattijon yanzu yakan fito da kujerarsa lokacin awon safe. Jikansa ne ke karanta ma'aunin ya faɗa, ni in rubuta, mu duka mu sa hannu.

Asabar, 10 ga Mayu

Turke na 46 ya shiga ranar Laraba, injin ya fita ta lungu jiya. Awon ƙarshe na wannan mataki: zaure milimita 8, benen gabas 2, masallaci bai kai 1 ba. Sabon ɗinkin magini bai buɗe ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da maraice, kuma yanzu ne aikin da ya fi kusa da harsashin maƙwabta zai fara, wato haƙa ramukan kawunan turaku da katakon kankaren da zai haɗa su. A layin arewa da gabas za a yi su guntu-guntu, kada a buɗe fiye da mita 2 a lokaci guda, a tokare gefen rami da katako, a zuba a rufe kafin a buɗe na gaba. Ba ramin da zai kwana a buɗe a jikin katangar kowa.

Sauran maganar ta ruwan sama ce. Ko bayan da kududdufin ya cike, nan ne mafi gangare a unguwar, indararon gidajen nan duka nan suke zubarwa, ƙasar tana shanyewa. Idan muka rufe filin da kankare, ruwan zai nemi wani wuri, kuma wuri mafi kusa shi ne gindin katangar tubali. Zanen da aka amince da shi ya tanadi magudanar ruwan rufinmu kawai. Na rubuta wa mai gini ina neman a ƙara lambatu mai murfi da zai bi iyakar arewa da gabas, ya karɓi ruwan maƙwabta ya kai shi kwatar lungu, a kuma yashe kwatar har bakin titi. Wakilinsa ya ce zai kawo amsa ranar Litinin. Kafin nan leburori sun fara jera buhunan yashi a gindin katangar dattijon, an ja wata 'yar hanyar ruwa ta wucin gadi zuwa kudu. Ƙusoshi da ma'aunai za su zauna a wurinsu har damina ta wuce, awo sau biyu a mako, da kuma washegarin duk ruwa mai ƙarfi.